Uwar Bindiga: Ta Kamfani Ko Ta Oda

A wurin maharban nesa na Amurka, uwar bindiga ita ce sashin ƙarfen da ke ɗauke da sakata, wanda ke tura harsashi, ya kulle shi, sannan ya tofar da kwanso bayan harbi, kuma a jikinta ake ɗaura bututu da ƙota da kunama. Mai son haɗa bindigar kansa yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya sayi bindigar kamfani, galibi Remington 700 wadda ta fito a 1962, ya cire bututu da ƙota da kunama ya jingine a lungu, ya riƙe uwar kaɗai, kamar wanda ya sayi rago domin ƙahonsa. Daga nan sai ya kai ta wurin maƙeri a feƙe fuskarta da zarenta har su daidaita da tsakiyar bututu, aikin da kuɗinsa kan lashe rarar da aka yi taƙama da ita tun farko.

Hanya ta biyu ita ce uwa ta oda, irin ta kamfanonin Defiance ko Impact Precision, wadda ke zuwa a daidaice, da sakata mai sulɓi da farashi mai sa a ɓoye rasit daga idon uwargida, ko da yake yawancinsu an yanka su ne bisa awon Remington 700 ɗin da masu su ke yi wa kallon hadarin kaji. Barewar da ake fako dai ba ta taɓa tambayar sunan kamfanin ba.