Gizon Amurka da aka raba da matarsa

Cleveland, jihar Ohio

Zuwa ga bawana, ɗan Gwaggo,

 Ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce mata man zafin yana hanya. Mu nan lafiya lau, sai iskar da ke tasowa daga tafkin Erie, wadda ba zan ɓata takarda a kanta ba, tunda na san kai ko labarinta ka ji sai mura ta kama ka.

Ka ce ɗana Abba ya faɗa maka a waya wai na shiga wata ƙungiya mai zama duk Laraba. Kwantar da hankalinka, ba ɗariƙa ba ce, ba kuma jam'iyya ba. Shago ne na littattafan zane, waɗanda suke kira komik, na su Superman da Batman da Spider-Man. Ranar Laraba sababbi ke fitowa, shi ya sa nake kai yaron idan na tashi daga aiki. Ni a zatona wurin yara ne. Da muka shiga, wallahi Abba ne kaɗai wanda bai fara furfura ba. Dattijai ne zuƙa-zuƙa, ga sanƙo ga tumbi, kowa da riga mai tambarin jaruminsa, harafin S ya miƙe a kan ciki har ya kusa zama layi. Suna riƙe littafi da bakin yatsu, su zura shi a leda, su sa masa kwali a baya don kada ya lanƙwashe. Wasu ma aikawa suke a duba musu shi, a ba shi maki daga ƙasa zuwa 10, a rufe shi ruf a cikin roba, ba mai sake buɗewa har abada. Kada ka yi saurin dariya. A wannan garin aka ƙirƙiro Superman. Samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da shi kan dala 130. Littafin farko da ya fito a ciki a 1938 santi 10 ne kuɗinsa, amma a 2024 an sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 6. Kai da ka naɗe ƙosai da takardar sakamakon jarrabawarka, ba za ka gane ba.

To, abin da ke tara su ba saye ba ne kawai, gardama ce, kuma kan gardamar ɗaya ne: me ya sa yara ba sa zuwa? Kullum sai an yi ta, a gaban yaro ɗaya tilo da ya zo, wanda ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Akwai wani mai gemu har ƙirji, direban motar makaranta ne da ya yi ritaya, shi ciwonsa auren Spider-Man. Bari in ba ka labarin, don na ji shi har na haddace. Yaron nan Peter Parker ya fito a 1962 yana ɗan sakandare. Ya gama, ya shiga jami'a, ya yi ta fama da kuɗin haya, har a 1987 ya auri wata Mary Jane. Bikin ma sai da aka shirya shi da mutane na gaske a filin wasa na Shea a New York, marubucinsa Stan Lee da kansa ya ɗaura. Aka yi shekara 20 ana zaman lafiya. Sai a 2007 manyan kamfanin Marvel suka ga cewa magidanci ba zai ja hankalin matasa ba. Su sa ya yi saki, sun ce zai ƙara tsufa a idon mutane. Su kashe matar, ya zama wanda matarsa ta rasu, nan ma tsufa ne. Sai suka kawo Shaiɗan, wani Mephisto, ya ce zai ceci ran gwaggon Peter da aka harba, da sharaɗin a shafe auren kamar ba a taɓa yi ba. Ba saki, ba idda, ba rabon kayan ɗaki. Mai gemun nan idan ya zo nan a labarin muryarsa rawa take. Ka ce ƙanwarsa aka koro.

Wani kuma, siriri mai tabarau, ya ce ai gara haka, jarumi ba ya tsufa, in ya tsufa wa zai gaje shi? Sai a taso masa da Robin na farko, wanda ya girma ya bar gidan Batman a 1984 ya yi sunan kansa, kuma ba abin da ya ragu. Daga nan sai hayaniya, mai shago yana ta danna na'urar kuɗi abinsa.

Mutuwa ma haka take a wurinsu, ba ta da tabbas. A 1988 aka ba masu karatu lambobin waya biyu su zaɓa ko a kashe Robin na biyu ko a bar shi. Masu cewa a kashe suka samu 5,343, masu tausayi 5,271. Da ƙuri'a 72 aka aika yaro lahira, har yau ana raɗe-raɗin maguɗi, kuma ba wanda ya je kotu. A 2005 sai ga shi ya dawo da ƙafarsa. Superman kansa sun kashe shi a 1992, jaridu suka ɗauka, mutane suka yi layi suna sayen littafin a cikin baƙar leda, shekara na zagayowa ya tashi. Abin da ya ɓata wa maman Abba rai shi ne na Kamala Khan, yarinyar nan Musulma 'yar asalin Pakistan da aka ba littafinta a 2014, wadda 'yan mata da yawa suka fara karatun komik saboda ita. A 2023 aka kashe ta, a littafin wani ma ba nata ba. Ba a daɗe da wuce sadakar arba'in ba ta dawo. Maman Abba ta ce ita ta daina yi wa mutanen nan ta'aziyya.

Ga abin da na gani da idona, wanda ya fi duk surutunsu. Abba ya je gaban mai shago da kuɗin da ya tara, ya ce a ba shi Spider-Man na ɗaya. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, wanne? Akwai na ɗaya na 1963, akwai na 1999, na 2014, na 2015, na 2018, na 2022. Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi sai a koma lamba ɗaya don a jawo sababbin masu karatu, amma labarin yana nan inda aka tsaya, da bashin shekara 60 a kansa. Kamfanin DC ma a 2011 ya mayar da littattafai 52 lamba ɗaya a wata guda. Kafin yaron ya buɗe baki dattijai sun kewaye shi, wannan ya ce sai ya fara da kaza, wancan ya ce a'a, ba zai fahimta ba sai ya karanta kaza da kaza tukuna. Abba ya dube su, ya sulale zuwa ɗaya bangon inda ake jera na Japan, waɗanda ake kira manga, da ake buɗewa daga dama. Ya ɗauki Demon Slayer na ɗaya. Littafi 23 ne, an gama, ya san inda zai fara, ya san inda zai tsaya. Ga shi da kauri, alhali na Amurka dala 4 ko 5 ne ɗan falle-falle, kafin shayi ya huce ka gama.

Ranar ce na kasa haƙuri na sa baki. Na ce mu ma muna da gizo a labari, kuma ya girmi nasu. Gizonmu bai taɓa tsufa ba, bai taɓa yin hankali ba, haɗamarsa ta jiya ita ce ta yau, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi, saboda kowace tatsuniya a daren da aka fara ta ake kai ta ƙurunƙus. Yaron da ya zo yau ba a tambayarsa ko ya ji ta bara. Su kuwa suna son labari ya riƙa tuna komai kamar rayuwa, amma jarumin kada ya yi furfura, alhali da lissafi Peter ya doshi tamanin. Sannan na ce duk shaƙiyancin Gizo, ba wanda ya taɓa raba shi da Ƙoƙi don a faranta wa yara. Mai gemu ya miƙe ya ba ni hannu. Mai tabarau kuwa ya ciro biro, ya tambaye ni a wace shekara Gizo ya fara fitowa, kuma wane kamfani ke da haƙƙin mallakarsa. Na ce masa Gwaggo.

Ni dai a ganina auren bai taɓa korar yaro ko ɗaya ba. A 2024 Marvel ɗin da kanta ta fito da wani Spider-Man na daban, magidanci da Mary Jane da 'ya'ya biyu, labarin ya fara daga farko na gaskiya, kuma ya yi kasuwa sosai. Abba ya karanta na mai gemu, wanda ya ara masa bayan ya sa shi ya wanke hannu, bai kuma ce jarumin ya yi masa tsufa ba. Tambayarsa ɗaya, ina na biyu. Dattijan nan kukan rashin yara suke, amma su ne a tsaitsaye a bakin ƙofa da jerin sharuɗɗa.

Batun kuɗin shararka na bana, na ware su tun watan jiya, sai dai Abba ya kai littafi na bakwai, saura 16. Ka yi haƙuri zuwa ƙarshen labarin. In kuma kana gaggawa, ka duba akwatin Baffa na ƙarƙashin gado, ko Allah zai sa akwai wata tsohuwar mujalla da ba ka naɗe ƙosai da ita ba.

Naka, ubangidanka.