Sikelinmu a ido yake

Mu dai a Mubi ba ruwanmu da sikeli, ido muke da shi. Garin da dillali zai kalli bijimi sau ɗaya a kasuwar shanu ya yanka masa kuɗi, ina abin mamaki don mun koma gida muna yi wa juna irin wannan kallo?

Amarya ta yi wata uku ba ta cika ba, Goggo ta riƙe haɓa: "Ke 'yar nan, lafiya? Ko mijin ba ya cefane ne?" Ta haihu ta murje, Goggon nan ce dai: "A rage loma mana, ƙofar ɗaki za ta gagare ki." Namiji kuwa ya ajiye tumbi, sai "Alhaji, naira ta zauna!" Ya rame, a fara raɗa a majalisa, kowa da cutar da ya laƙaba masa.

To ga abin da bakinmu ke jawowa. Siririya ta lallaɓa kemis ta sayo sha-ka-fashe. Cikin irin ƙwayoyin nan har da dexamethasone, mai kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya hau da jini, mu kuma muna ta "Masha Allah, an yi kumari." Mai jiki, musamman 'yan matanmu na Poli da jami'a, ta yi odar shayin rage teɓa a Facebook, ta wuni tana safa da marwa tsakaninta da bayi. Ta ƙi karin kumallo, ta ƙi na rana, ƙarfe goman dare a gan ta wurin mai indomi.

Dubi matan Fali da Gude da ke saukowa daga duwatsu da kaya a ka ran kasuwa. Akwai lukuta, akwai sirara, babu mai ƙirga lomar tuwon dawa da miyar yakuwa, kuma ka bi su a ƙafa ka ji a jikinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma motsa jiki na minti 150 a mako ta ce, ba ta ce a bar kunun gyaɗa ba. Mu kuwa daga Lokuwa zuwa bakin kasuwa sai Keke Napep.

Hawan jini bai san siriri ba, bai san lukuti ba. Goggo, da take kamar sillen kara, aka ɗaura mata abin awo a hannu, ya haura 140 bisa 90. Ta harari nas ɗin: "Yarinya, sake ɗaurawa. Ni da ko teɓa ba ni da ita?"