Taron Kazaure Ba Ya Cika Sai Da Su

Wanda ya biyo hanyar Kano zuwa Daura, ya wuce Ɗambatta, ya fara hango duwatsu, zai iya ɗauka Kazaure gari ne da ba abin da ke motsi a cikinsa sai motocin da ke wucewa. To ya sauka ya kwana uku. Daga Juma'a zuwa Lahadi ɗaurin aure ne, da sassafe suna, da la'asar ƙwallo, da dare majalisa da teburin mai shayi, sau biyu a shekara kuma hawan sallah. Wurin taron ne kawai ke sauyawa, mutanen su ne dai, kowa da aikin da ya ɗora wa kansa ba tare da an sa shi ba.

Babbansu shi ne Sarkin Fatiha. Fada ba ta san da wannan sarauta ba, naci ne ya naɗa shi. Aljihun gaban rigarsa cike yake da katin gayyata, wani nasa, wani na maƙwabci, wani a ƙofar masallaci ya tsince shi. Tun daren Alhamis ya gama tsara tafiyarsa: ƙarfe goma Unguwar Gabas, sha ɗaya Kanti, bayan azahar ya hau acaɓa zuwa Gada. In kuwa ya ji ƙishin-ƙishin wani Alhaji zai aurar da 'ya a Roni ko Gwiwa, ko a bayan a-kori-kura ne sai ya je. Ka tambaye shi, "Malam, ɓangaren ango ko na amarya?" sai ya gyara hula ya ce, "Ai duk namu ne." In ka matsa, ya ce maka bikin farar kaza, balbela ba gayya.

Gwanintarsa tana wurin zaɓen mazauni. Yayin da waliyyi da wakili ke maganar sadaki, kowa ya kasa kunne, shi idonsa na kan ƙofar da yara ke shiga da fita, don ya san ta nan farantan za su ɓullo. Ana shafa fatiha, muryarsa ce ta fi ta kowa wajen "Allah ya ba da zaman lafiya," hannunsa kuma ya riga ya kai ƙarƙashin hula, inda baƙar leda take a ninke gida huɗu. Waina biyar a ciki, tsoka biyu a sama, ya ƙulle, ya tura cikin babbar riga, fuskarsa ko gezau. Ya san gidajen garin nan ta miyarsu: gidan da ba a rowar man shanu, da gidan da taushe yake zuwa tsululu. Ni dai ba na cikin masu yi masa dariya sosai, domin ranar da rigimar aure ta tashi aka rasa wanda ya tuna nawa aka yanka sadaki, lakadan ne ko ajalan, shi ake aika yaro ya kira. Kuma ba ya mantuwa.

Takwararsa a cikin gida ita ce Gwaggo Mai Ƙirga. Ba ta yi boko ba, amma ba akawun da zai kama ƙafarta. Ranar da aka kawo lefe, tana daga gefen tabarma, carbi a hannu, leɓe na motsi, kowa ya ɗauka tasbihi take. Atamfa take ƙirgawa. Kafin a rufe akwati na ƙarshe ta san leshi nawa ne, shadda nawa, wane takalmi ne bai dace da jakarsa ba. Ranar jere kuwa sai ta danna katifa da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa ƙofar kabad, ta ɗaga labule ta duba ɗinkin bayansa. Hukuncinta kalma biyu ne. In ta ce "Masha Allah," uwar amarya ta yi barci. In ta ce "Ba laifi," to kafin magariba labari ya kai Babura. Ita ce kuma ba ta taɓa biyan kuɗin anko a kan lokaci ba, amma ɗinkinta ke fara fitowa daga wurin tela.

A majalisar dare akwai Malam Tarihi. Duk zancen da aka ɗauko, ko na tsadar taki ne, sai ya karkata da shi zuwa 1819. "Kai yaro, ka san Ɗantunku kuwa?" Shi ke nan, an shiga. Zai faɗa maka yadda Ɗantunku ya taso daga Ɗambatta, yadda ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, yadda aka yanko ƙasar masarautar daga Kano da Katsina da Daura, yadda ɗansa Dambo ya gaje shi ya faɗaɗa ta. Abin haushin shi ne duk gaskiya yake faɗa, ba ka da inda za ka kama shi. Matsalarsa ɗaya, yana ba da labarin kamar da shi aka yi, har da nuna inda doki ya tsaya. Daga nan ya gangaro zuwa 27 ga Agusta 1991, ranar da aka cire Jigawa daga Kano, ya tsaya ya yi ajiyar zuciya, ya kawo ka 1998 da hawan Sarki Najib Hussaini Adamu. Shayinka ya huce, wanda ka zo nema ya tafi, kai kuma ba damar tashi, don sa'an babanka ne.

Abokin gabarsa shi ne Ɗan Birni, wanda ba a ganinsa sai jajibirin sallah. Haifaffen Unguwar Arewa ne, a nan aka yanke cibiyarsa, a nan ya yi makarantar allo, amma shekara uku da ya yi yana tsaron shago a Kantin Kwari ta sa komai na gida ya zama abin tausayi. Ka miƙa masa tsire, ya ce a Kano ba haka ake yanka shi ba. Sarki ya fito, algaita na tashi, 'yan bindiga sun cika sama da hayaƙi, dogarai na gaba, mahaya na kawo jafi, shi kuma yana gefe yana ce wa yara, "Ku da ba ku ga Hawan Daushe ba." Tun da ya ji cewa a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, ba a sake samun lafiyarsa ba, sai ka ce shi ya cike takardar. Amma ka lura da shi ranar komawa. Buhun gero a but, jarkar man gyaɗa, ƙullin kuka da daddawa daga wurin Inna, har da zabi biyu a kwali. Kazaure ba ta iya komai ba, sai ciyar da shi.

Mai Waya shekararsa biyar bai ga hawa da idonsa ba. Yana wurin, a sahun gaba ma, amma ta gilashin waya yake kallo, ya juya wa dawakai baya don fuskarsa ta fito. Sai doki ya taso, dogari ya daka masa tsawa, sannan ya tuna da rai. Da yamma ka same shi a bakin dam shi da abokansa 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, ana jera tsayuwa, ana gyara tabarau, a ɗauka a goge, a sake ɗauka. Masunta na ja da komarsu, masu lambu na ban ruwa, ba wanda ya shiga hoton. Abin da zai hau TikTok da dare bai wuce daƙiƙa ashirin ba, sauran kuma "waya ta cika."

Gidan kallon ƙwallo yana da nasa sarkin, Koci. Bai taɓa cin ƙwallo ko a wasan layi ba, tun yana yaro gola ake sa shi don shi ne mai ƙwallon. Amma daga kan bencin katako a Kazaure yake ba mai horar da Real Madrid umarni, da Hausa, da ƙarfi, har da miƙewa. "Cire shi! Na ce ka cire shi!" In aka cire ɗan wasan, ya waiwayo ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. In aka ci su, alƙalin wasa ne. In janareta ya mutu ana shirin bugun fanareti, mai gidan kallo ne ɗan adawa. Akwai wani irinsa da tun da Messi ya bar Barcelona a 2021 yake zaman makoki, kowace ƙungiya ta ci ya ce ba ƙwallo ba ce.

Na teburin mai shayi ba ya buƙatar dogon bayani. Kauri, ƙwai uku, biredi mai yanka-yanka, a ƙara madara. In ya gama ya goge baki ya ce, "Rubuta." Littafin ya cika an sake wani, sunansa ne a shafin farko na kowanne.

Sai Mai Neman Kujera, wanda ke fitowa da kakar zaɓe. Shekara uku ba a gan shi ko a gaisuwar mutuwa ba, yanzu shi ne a sahun farko na kowace jana'iza, shi ne mai riƙe hannun tsofaffi da hannu biyu, "Baba, ya ƙarfin jiki? Ai kullum kuna raina." Ya saya wa samarin unguwa ƙwallo da riguna, hotonsa a ƙirji ya fi lambar girma. Sarkin Fatiha ya tsane shi, don tun da ya fara zuwa, faranti mai nama wurinsa ake fara kaiwa.

Akwai kuma wanda ba a ba shi suna ba, don ba a cika lura da shi ba. Shi ne ya aro tabarmin masallaci tun da asuba, ya yayyafa ruwa a ƙofar gida don ƙura, ya jera butoci. Ana cin abinci yana nuna wa baƙi inda za su ajiye babura. In an watse shi ke naɗe tabarmi, ya tattara farantai, ya bi gida gida yana mayar da kujerun aro, ya kuma saurari mitar wanda aka karya wa ƙafar kujera. Yawanci ba ya samun wainar, sai dai ƙanzon shinkafa in matan gida sun tuna. A hoton bikin ba ya ciki, ko kuwa gefen kafaɗarsa ne kawai ya fito.

Saboda haka masu aurar da 'ya'ya a wannan kaka, ga roƙo. Kafin a fito da faranti na farko, a ɗebi na mai tabarma a rufe a kai ɗaki, a sa Gwaggo ta tsare, don ita ko tsoka ɗaya ta ɓata sai ta sani. Kai kuma mai karatu, in kana zuwa ɗaurin auren Asabar, ka zo da wuri, ka zauna kusa da Sarkin Fatiha, kuma ka riƙe takalminka a hannu.