Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Uwar Diski

Daga wani shagon gyaran kwamfuta,
Matameye, jihar Damagaram.



Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya cikin aljihun tebur, lulluɓe da tsumman da ke kare ki daga ƙurar hunturu. Ya gajiya, ya zafi, ya haƙuri da ɗauke kuran? Allah ya ƙara miki tsawon rai, ya tsare ki daga faɗuwa ƙasa da hannun yara.

Ranki ya daɗe, ba don raini na ɗauko alƙalami ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana zuba mata Windows tun daga tushe ya san darajarki. A cikinki aka tara komai: Windows ɗin kansa, manhajar rubutu da ta lissafi, mai buɗe takardun PDF, maganin bairos, harshen Faransanci na ofis da lakwal, har da haruffanmu masu lanƙwasa don kada ƙasa ta koma kasa. A garin da ake sayen intanet da awo kamar gishiri, wuta kuma ta zo yanzu ta tafi anjima, babu mai hankalin da zai sauke waɗannan kaya ɗaya bayan ɗaya a kan kowace na'ura. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar, aka zauna haka har Maris ɗin 2024. Shi ya sa muke kwafe ki ɗungurungum, mu aurar da ƴaƴanki gida-gida. Da ke, aikin mako guda a ɗakin kwamfuta na lakwal kan ƙare kafin la'asar.

Haka dai ya kamata ya kasance. To amma Hajiya, tarbiyyar ƴaƴan nan naki akwai gyara, kuma yau sai na faɗa.

Na san asalin gidanku. A 1995 wani mutumin Niyu Zilan, Murray Haszard, ya ƙirƙiro manhajar Ghost mai kwafe diski sukutum, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, ta zama abokiyar aikin masu gyara a duniya. Daga baya Clonezilla ta fito daga Taiwan, kyauta, ba ta neman ko dala. Dukkansu aikinsu ɗaya: abin da ke jikin uwa shi za su sa a jikin ƴa, babu ragi babu ƙari. Wannan dabara an gina ta ne don manyan ma'aikatu, inda ake sayo kwamfuta ɗari biyu rana ɗaya daga kamfani ɗaya, duka uwa ɗaya uba ɗaya. A can ƴarki takan farka ta ga ɗaki irin na gidan ubanta, ƙofa a inda ta saba, sai ta ci gaba da harkarta.

Nan Matameye ne, Hajiya. A ɗakin kwamfuta guda za ki tarar da Dell wadda ta baro Titin Beirut na Kano, ta bi ta Daura da Kwangwalam ta shigo ta Ɗan Barto a bayan mota. Kusa da ita HP ce da ta gama aiki a wani ofishin Faransa, ta sha ruwan teku kafin ta hau babbar mota zuwa Yamai. Ta uku Lenovo ce, kyautar wani ɗan gari da ke ƙasar waje. Ta huɗu kuwa ba ta da suna, an haɗa ta ne daga gawar wasu uku. Waɗannan su ne gidajen mazan da Allah ya hore mana. Ke kuwa kin raino ƴaƴanki a kan cewa duk duniya gidan ubansu ce.

Mu fara da abin da ya fi ƙona rai. An kai amarya, an kunna na'ura, tambarin Windows ya fito, mutane sun fara murmushi. Sai allo ya rikiɗe shuɗi, da lambar nan da masu gyara suka haddace fiye da lambar wayar matansu: 0x0000007B. Ma'anarta ba ta da wuya. Tsakanin furosesa da diski akwai mai tsaron ƙofa, kuma Windows yana bukatar direban da ya dace kafin ya yi magana da shi. Ke kin tashi a gidan da ƙofar ke aiki da tsohon tsarin IDE, sabon gida kuma AHCI yake yi. Ƴarki ba ta ɗauko direban AHCI a hannu ba, domin a gidanku ba a taɓa bukatarsa ba, an bar shi yana barci. Abin dariyar shi ne direban yana nan cikin diskin, amma sai an buɗe diskin za a kai gare shi, kuma sai da shi diskin zai buɗu. Amarya ta kulle ɗaki, makulli yana cikin akwatinta, akwatin yana cikin ɗakin. Sai mu lallaɓa cikin BIOS mu mayar da ƙofar gidan mutane tsohon yayi don ta yarda ta shiga. A zamanin Windows XP da Windows 7 wannan shi ne abincinmu na safe da na dare.

Kada ki ce ƙauyancinmu ne. A watan Mayun 2008, da aka saki gyaran Windows XP na uku, wato SP3, wasu kwamfutocin HP masu furosesar AMD sun shiga kashe kansu suna kunnawa babu iyaka. Da aka bincika, sai aka gano uwar diski ɗaya aka yi amfani da ita ga masu Intel da masu AMD, ta tafi da wani direban Intel mai suna intelppm gidan da ba nasa ba. Idan ƴar'uwarki ta kunyata injiniyoyin Amurka, ni wane ne a bakin hanyar Takeita?

Na biyu, maganar tsofaffi da yara. Tsofaffin na'urori da BIOS suke tashi, suna neman diski mai tsarin MBR. Na baya-bayan nan UEFI suke yi, suna son tsarin GPT da wani ɗan ɗaki na musamman da ake ajiye kayan tashi. Idan aka kai ƴar MBR gidan UEFI zalla, ko shuɗin allon ma ba za a samu ba. Na'ura za ta ce ba ta ga kowa ba, alhali amarya tana zaune a tsakar gida. Haka nan mai 64-bit ba ta zama da furosesar da ba ta wuce 32-bit ba. Sannan ga girman kai. Kin saba da faɗin giga 500, ko da kayanki ba su kai 40 ba. A ce ki shiga SSD mai giga 128, sai Clonezilla ta ce wuri ya yi kaɗan, dole sai an fara matse ɓangarenki tukuna. Hajiya, fili kike aure ko miji?

To a ce an tsallake duk wannan, ta tashi lafiya. Murna ta koma ciki. Hoto ya kumbura kamar an hura shi, sauti babu, katin intanet ba a san da zamansa ba. Windows cikin ladabi zai ce a bar shi ya nemo direban a intanet. Direban me? Na intanet. Da wace ƙafa zai je?

Sai kuma kibod, wanda a nan kan iyaka ya zama rigima mai zaman kanta. An saita ki da tsarin AZERTY na Faransa, domin da shi lakwal da ofis suke aiki. Kayan Kano kuwa QWERTY ne. Yaro ya zauna zai rubuta sunansa Amadu, allo ya nuna masa Q,qdu. Zara ta zama Wqrq. A buga 2025 a ga éàé( kamar rubutun aljanu. Idan kuma akwai harafin A ko M a kalmar sirri, mushe, wato malamin lakwal, zai rantse da girman Allah daidai ya buga, kuma gaskiyarsa, amma ƙofa ba za ta buɗe ba. Duk wannan saboda ƴarki ba ta iya kallon abin da ke gabanta ta tambaya ba.

Akwai kuma maganar suna. Duk ƴaƴanki sunanki suke amsawa. A haɗa su kan waya ɗaya don su yi tarayya a na'urar buga takarda, sai rikici ya tashi, domin kowace ta ce ita ce ke. Ga batun lasisi. Tun 2001, da zuwan Windows XP, lasisi yake duba kayan cikin na'ura kafin ya amince. Daga Windows 8 a 2012, manyan kamfanoni suna dasa mabuɗin a jikin madabod ɗin kwamfutar kanta. Wato takardar aure ta gidan miji ce, ba a kwafo ta daga wurin uwa. Wadda ta tarar da tata a can ta huta; wadda ba ta tarar ba, rubutu zai tsaya a kusurwar allo yana yi mata gori dare da rana.

Abu na ƙarshe a jerin ƙorafi, kuma a hankali zan faɗe shi don mutane na ji. Duk abin da kika ɗauka, ƴaƴanki sun gada. Idan wani ya soka miki kile mai bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, to ɗaki guda ya kamu rana ɗaya. Idan an manta hotunan biki ko kalmar sirrin wani a cikinki, sun zama na jama'a daga nan har Kance.

Yanzu ga shawara, don ba a kawo kuka babu magani.

Masu Windows da kansu sun tanadi wankan amarya, sunansa Sysprep. Idan aka yi shi da umarnin generalize, yana cire wa diski sunansa da lambar shaidarsa, ya mantar da shi kayan gidan da ya tashi. Ranar da ƴa ta farka a sabon wuri, sai ta zagaya ta ga wane allo ne, wane katin sauti ne, ta tambayi harshe da kibod da sabon suna. Sharaɗinsa ɗaya mai tsauri: da an gama wankan a kashe na'ura, a kwafa nan take. Idan aka kuskura aka sake kunna ki kafin kwafi, kin sake ƙulla zumunci da tsohon gida, wanka ya karye. A Windows 7 ma sau uku kacal aka yarda a sake lissafin lasisi ta wannan hanya, saboda haka ba abin wasa da ruwa ba ne.

Bayan wanka, ga sauran sharuɗɗa. Za a sake gina ki a kan na'ura mafi sauƙin kaya, ko ma kwamfutar gwaji da ake ƙirƙira cikin wata kwamfutar, don kada ki saba da kayan alatun kowane kamfani. Za a rage faɗinki ki iya shiga ƙaramin ɗaki. Za a ware kile guda a cika shi da direbobi, na intanet a sahun gaba, ya riƙa raka kowace amarya kamar ƙanwar rakiya. Kuma ki yi haƙuri da wannan: za ku zama biyu, ɗaya ta gidajen BIOS, ɗaya ta gidajen UEFI. Ba cin fuska ba ne, rabon aiki ne.

Don adalci, na yarda jikokinki sun fi ki sauƙin kai. Windows 10 sau da yawa yakan farka a baƙon gida, ya ɗan yi jim yana shirya na'urori, ya tashi ba tare da ya tara mana jama'a ba. Sai dai an daina tallafa masa a ranar 14 ga Oktoban 2025, kamar yadda aka yi wa XP a 2014 da Windows 7 a 2020. Windows 11 kuwa sadakinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu: yana neman TPM 2.0 da UEFI da furosesa ta kwanan nan. Dell ɗin da ta bi ta Kwangwalam ko sunan TPM 2.0 ba ta taɓa ji ba.

Shi ya kawo ni ga maganar da nake ta kewaye-kewaye. Hajiya, ana maganar kishiya. Sunanta Linux. Halinta shi ne kullum ta farka sai ta duba gidan da take ciki, ta ɗauko direban da ya dace daga cikin waɗanda take yawo da su a jikinta. A ciro diskinta daga Dell a soka a Lenovo, galibi sai ta tashi kamar can aka haife ta. Ba ta tambayar lasisi. A Faransa har akwai wani reshen danginta, Emmabuntüs, da aka fara a 2011 musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da aka bayar sadaka, kuma an kafa ɗakunan kwamfuta da shi a makarantun Togo. Ba na ce ba ta da aibi ba. Wata na'urar buga takardar sai an yi da gaske take jituwa da ita, wani katin hoton sai lallashi, ita ma tana son a sauya wa ƴaƴanta suna bayan kwafi, kuma darekta zai shigo ya tambayi inda Word ɗinsa ya tafi. Amma ta san abu ɗaya da kika kasa koya wa naki: baƙo shi ke tambayar inda buta take, ba ya cewa a rushe bayi a mayar inda ya saba.

Saboda haka ki shirya, ranar Asabar in Allah ya kai mu, in kuma kuran ya tsaya, za a yi wanka. Idan kin ba da haɗin kai, matsayinki yana nan, tsummanki yana nan, har sabuwar leda zan ƙara miki. Idan kuwa kika sake tara mini yaran lakwal suna kallon shuɗin allo suna dariya, to akwai wani yaro a bakin tasha mai tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, ya daɗe yana tambayar kuɗinki. Shi ba ruwansa da AHCI, ba ruwansa da asalinki. Shafe ki zai yi tas, ya cika ki da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, ki ƙare rayuwarki kina rawa a cikin ruwan sama.

Ki huta lafiya. A gaida su kebur da sauran mutanen aljihun tebur.

Naki mai biyayya, muddin kin tashi,
Mai gyaran kwamfuta,
Matameye.