Mai Bayani a Bakin Iyaka

A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakar Nijar, garin Magama na Jibiya ya yi tsit. Motocin da ke fitowa daga Maraɗi ta Ɗan Isa suka ɗauke ƙafa, 'yan dako suka jingine baro. Da Nuwamba ta zo aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, 'yan acaba ma suka koma gindin bishiya. A irin wannan lokaci ne ɗan wala-wala yake shimfiɗa kwalinsa.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, sai ka gan shi a gefen tasha da kati uku, biyu baƙaƙe, ɗaya ja. Ka nuna jan, ka ci ninkin kuɗinka, naira ko sefa. Asirin bai taka kara ya karya ba. Kati biyu yake riƙewa a hannun dama, jan a ƙasa. Ido ya saba na ƙasa ne ke fara faɗuwa, shi kuwa in ya ga dama na sama yake saki.

Da shi kaɗai ne, da tuni an gano shi. Amma a bayan taro akwai wani dattijo mai babbar riga, carbi a hannu, bai taɓa zuba ko sisi ba. Aikinsa bayani.

Wani ɗan dako ya tsaya da kuɗin da zai auno wa gida gero. Dattijo ya matso, ya rage murya.

"Yaro, kada ka bi hannunsa. Na gano shi. Dubi kunnen jan, ya ɗan lanƙwashe. Shi za ka bi."

Yaro ya duba, ga lanƙwasa kuwa. Sau biyu yana kallo wasu suna ci da ita, bai san abokan cin mushe ba ne. Ya zube kuɗinsa duka. Aka buɗe kati mai lanƙwasa, baƙi ƙirin. Da ɗan yatsa ɗaya mai kwali ya miƙe kunnen jan, ya lanƙwasa na wani.

"Baba, ya aka yi haka?"

"Ka ƙifta ido ne, yaro. Laifinka ne."

Wata Lahadin ya ce masa mai katin layar baduhu gare shi, sai a yi hattara. Ta gaba ya ce ai ba rabonsa ba ne, arziki na Allah ne. Wannan ce ta fi min ciwo, domin ya ɗauki kalmar da talaka ke jingina da ita ranar wuya ya rufe sata da ita. Mai kwali kuɗi kawai ya ƙwace. Dattijon ya sa yaro yana zargin idonsa da rabonsa, har yana godiya, bai taɓa tambayar inda kuɗin ke kwana ba. Bayan magariba, a teburin mai shayi, kason mai babbar riga ya fi na kowa tsoka.

An buɗe iyakar Jibiya a 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka kuma buɗewa a 2024. Kwali ya sauya hannu, wani ya tafi wani ya zo. Dattijon yana nan, rigarsa ta ƙara aiki a wuya. Yaron ya sayar da baronsa. Duk sanda suka haɗu sai dattijo ya dafa kafaɗarsa:

"Ka ƙara haƙuri, yaro. Wahalar ta ɗan lokaci ce, ribar tana gaba. Nawa ya rage a aljihunka?"