Bazazzagi Ya Rubuta Yarjejeniya

Bawana Bazazzagi, an ce tun da aka naɗa ka sakataren ƙungiyar wasan kwaikwayon nan ta Jabi, ba wanda ya ƙara shan ruwa da daɗi. Takardar yarjejeniyar da ka rubuta wa 'yan wasa da ma'aikata ta iso hannuna. Turanci ne zalla, har mai jan labule sai da ka laƙaba masa muƙami. Yaron da ke ɗaukar muku lasifika, wanda da safe kamasho yake yi a tashar Jabi, cewa ya yi ya zaci sammaci ne.

Na san inda ka gado abin. Ku Zage-zagi ba ku da hira sai ta Samaru: wai tun 1975 ake koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, daga can kuma aka riƙa shiga ƙauyuka ana wasa kan matsalolin manoma. Ban musa ba. Amma ɗaliban malamin can Michael Etherton da Hausa suka je wa manoman, ba su tafi da ƙamus ba.

Rubutawar dai ka kyauta, ko da yake faɗin hakan ya yi mini ɗaci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma ladan nan da kake cewa "sai an tashi wasa" sunansa bashi. To amma na duba daga farko har ƙarshe ban ga adadin ko sisi ba. Zauna Bakano ya koya maka. Nawa ne kuɗin motar mai zuwa gwaji daga Gwagwa ko Karmo? Wa ke sayen abinci, wa ke zuba wa janareta mai? In ruwan Agusta ya watse taro a bakin tafkin Jabi, an biya ko an yafe? Babbar rigar da aka aro wa mai fitowa a sarki, in ta yage, a wuyan wa?

Sai babbar, wadda ka tsallake: bidiyo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba ɗan wasa ta cewa kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi. Gobe wani zai ɗauka da waya ya ɗora a YouTube, ranar da kuɗi ya fara shigowa zumunci ya ƙare. Mu da muka fara da fim ɗin Turmin Danya a 1990 mun ga masu shirya fim suna sayar wa 'yan kasuwa haƙƙinsu ɗungurungum, ɗan wasa ya tashi da suna da kuɗin sabulu.

Ka mayar da yarjejeniyar shafi ɗaya, da Hausa, a karanta da ƙarfi gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A layin ƙarshe kuma ka saka kuɗin sharar bara da ka hana ni, tare da ranar biya.