Siririya ko Mai Haƙuri

Mu Katsinawa mun daɗe da sanin sanda da ƙwallo, sai dai a bisa doki muka san su. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya riƙe gari daga 1906 zuwa 1944, ake buga ƙwallon dawaki a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa har ƙasashen waje an san hannunsa a wasan. Ni ko jaki ban ajiye ba, balle doki. Abin da Allah ya hore mini waya ce mai tsagaggen gilashi, kuma a cikinta na zama ɗan wasan golf, ina kishingiɗe a kan tabarma ina karawa da mutanen Amurka da Koriya a filin St Andrews na Sikotland.

Bugun nesa bai taɓa ba ni wahala ba. Tsiyar tana farawa ne idan ƙwallo ta sauka a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Ramin nan faɗinsa milimita 108 ne kacal, kuma a lissafin masu wasan bugu biyu ya kamata ya jefa ƙwallo ciki. Wato a fili mai ramuka 18 da aka yanka wa bugu 72, rabinsu cif na sandar gangarawa ne, ita kaɗai a cikin sanduna 14 da doka ta yarda mutum ya ɗauka. Ni kuwa da sandar kyauta da ake ba kowane sabon shiga, sai in yi ta kewaya rami ina gaishe shi ta gabas da yamma, har wani Bature da ban san shi ba ya turo mini hoton fuska mai hawaye. Nan take na yanke hukunci: laifin sanda ne.

Na shiga shagon da ke cikin wasan, na tarar da su jere. Akwai siririya, jikar samfurin Anser da injiniya Karsten Solheim ya ƙera a 1966. Irinta ce a hannun Tiger Woods, wanda ya ci 14 daga manyan kofunansa 15 da sanda ɗaya tak, ƙirar Scotty Cameron. Akwai kuma mai faɗin baya, kanta kamar dutsen guga na gawayi. Kowace an rubuta halinta a gefe: saiti, daidaito, saurin layin da ke gudu kafin ka danna, da kuma yawan kuskuren da take yafewa. Siririya ta fi saiti amma ba ta ɗaukar raini, ka makara da ƙiftawar ido ta watsar da kai. Mai faɗin baya tana haƙuri da mai rawar hannu, sai dai tsada. Kuɗin kuma da dala ake lissafa shi, ita dalar da ta haura naira 1,500 a 2024.

Na sayi littafi mai layi na buɗe shafi biyu. Shawara kuwa sai da wani abokina ɗan Ƙofar Sauri, wanda shi ya jefa ni cikin wannan wasa, kuma ba ma samun natsuwa sai dare ya raba, lokacin da intanet ke ɗan sakin jiki. Sai in fito tsakar gida, in yi ƙasa da murya don kada in tashi yara.

"Wallahi siririyar ce a raina, ita nake gani ko na rufe ido. Amma waccan ta fi haƙuri, kuma ka san halina, sai mai haƙuri." Shi kuma ya ce in duba aljihuna. In ce masa, "Kuɗinta ba matsala ba ne, albashi na shiga zan biya. Kai dai kada maganar ta fita, ba na so a ji a gida sai an gama komai."

Ashe tagar ɗakin uwargida a buɗe take.

Ba ta ce mini uffan ba. Na dai lura miya ta fara zuwa ba man shanu, "Abban Walid" ya koma "Malam", daga baya ma ya koma "ga abincinka nan". Na ɗauka tsadar kayan masarufi ce. Ranar wata Asabar aka aiko yaro wai Hajiya tana kirana a Rafindaɗi. Ina shiga na tarar da yayata, da ƙanwar Hajiya, da uwargida a lulluɓe tana kallon bango, ga littafina mai layi a tsakiyar tabarma an buɗe shi daidai inda na rubuta: "Siririya, kyau 9, haƙuri 4. Mai faɗi, kyau 6, haƙuri 9."

Hajiya ta ce, "Ɗiyar wane gida ce? Kuma tun yaushe aka fara ba 'ya'yan mutane maki?"

Na rantse, na kuma rantsewa, na ce sanda ce. Ta ce, "Sandar mi?" Na ce ta buga ƙwallo. Ta ce, "To ɗauko mani ita in gani." Nan fa ake yin ta. Na fito da waya na nuna mata hoto, ta kawo shi kusa da ido, ta mayar nesa, ta juya bayan wayar ko sandar tana can. Da ta ji cewa na riga na biya kuɗin mai faɗin baya a daren jiya, kuma ko maciji ya shigo ɗaki ba zan iya kai masa duka da ita ba, sai ta yi salati ta tafa hannu.

"Yo da auren ne ai da sauƙi, ko ba komai sunna ce, kuma a ci shinkafa."

Uwargida ta juyo daga bango a karo na farko. Ban taɓa ganin mace ta rasa ko murna za ta yi ko kuka ba sai ranar. Yayata, wadda ba ta barin dama ta wuce, ta ce tunda dai an kawo amarya, ta waya ce ko ta gida, al'ada ba ta canza ba, a ba uwargida kayan faɗar kishiya. Hajiya ta yanke atamfa turmi biyu, ba ɗaukaka ƙara.

Da daddare na ɗauko amarya don in huce. Abin da shagon bai jawo hankalina a kai ba, ko ya jawo ban karanta ba, shi ne ma'aunin ƙarfinta ya bambanta da na tsohuwar. Na ja layi daidai inda hannuna ya saba, ƙwallo ta wuce rami a guje, ta sauka daga kan ciyawa, ta faɗa kwarin yashi. Bugu na gaba intanet ta shaƙe, layin ya tsaya cik, ya farka a can ƙarshe. Ga hunturu ya busar mini da babban yatsa, sai na lasa kafin gilashin ya san da zuwana. Haƙurin sandar nan gaskiya ne, na shaida. Ba a dai gwada shi a kan tsagaggen gilashi ba.

Wanda ya tambaye ni yau wacce zai zaɓa, zan ce mai faɗin baya, in hannunsa na rawa irin nawa, siririya a bar wa Tiger Woods kayarsa. Amma ya yi shawarar da rana tsaka, a majalisa, da babbar murya, ya kuma riƙa cewa "sanda" a farkon kowace jimla. Ni har yanzu bugu uku nake yi a bakin rami, kuma ana bi na turmi ɗaya.